Kumanda Idi ya bar mini wasiyya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan Hajara ta kira ni, wai babanta Kumanda Idi ya rasu a gidansa da ke unguwar Treichville.

Har yanzu ban iya sa takalmi na tafi gidan ba. Kunya nake ji, wallahi.

Shi ya koya mini tuƙin jirgin sama. Ɗan mahauci ne, iyayensa daga Nijar suka zo. Yakan ce a shekarun 1940 yana ɗan mitsitsi ake saɓa shi a kafaɗa ya kalli jirgin da ke sauka a kan ruwan lagun, wato tafkin bakin teku, daga nan cutar son jirgi ta kama shi.

Ranar da na fara zama a damansa a cikin jirgi na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Tashi. A ƙasa ni babanka ne. A nan ciki kai ke karanta cekilis, jerin abubuwan dubawa, ni ke amsawa, kuma idonka na kan hannuna. In na amsa ban taɓa ba, ka tsayar da ni."

In wani ya katse mu, sai a koma farko. Har haushi yake ba ni!

Duk saukar da muka yi sai ya raba goronsa biyu ya miƙo mini rabi.

To girma ya zo masa. Wata rana za mu sauka na ce, "Taya?" Ya ce, "An sauke." Hannunsa na kan cinya, fitilar taya ba ta kama ba. Na maimaita, ya gyara. Bayan kwanaki ya sake.

Na kai rahoto. Likita ya duba shi, aka sauke shi daga aiki.

Na san daidai na yi. Amma a wurinmu yaro ya raba dattijo da abincinsa? Jama'armu ta unguwar Adjamé babu abin da ba su kira ni ba. Ni kuwa ko daga nesa na hango hularsa sai na canza hanya.

Bara ya ritsa ni a bakin kasuwar Roxy ina jiran taksi. Ya riƙe hannuna gam.

"Sani, gudun me kake yi?"

Na kasa ɗaga kai.

"Na koyar da mutane da yawa. Kai kaɗai ka ji. Ka zo gida mu ci tuwo."

Na ce to, Baba. Nauyinsa bai bar ni na je ba.

Kafin Hajara ta kashe waya ta ce, "Yaya Sani, ya bar wasiyya. Kai za ka yi masa wanka. Ya ce kai ba za ka tsallake komai ba don kana jin nauyinsa."

Bayan azahar ne jana'iza. Zan tashi yanzu.

Allah ya gafarta maka, Baba, ya haskaka kabarinka. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ni ma ya roƙa mini ƙarfin hannu.