Allon da Madam Ladi Ba Ta Rufewa

Har yau ban manta da ranar da Oga Terver ya kira ni ofishinsa a kan maganar Madam Ladi ba. Lokacin ni ƙaramin mai gina shafin intanet ne, shi kuma shugaban sashenmu. Ku da kuka zo daga baya ba ku tarar da shi ba. Mutumin kirki ne amma mai gajen haƙuri, Hausarsa kuma irin ta kasuwar Lafia ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa.

Wata ƙungiyar manoman riɗi da doya ce ta ba mu aiki. Kalmomin sirrinsu na imel da na saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanansu, duk a warwatse suke, wasu a saƙon waya, wasu a kan mutum ɗaya. Aka ce mu kafa musu ma'ajiyar sirri, wato manhajar da ke kulle irin waɗannan kalmomi wuri guda, ba mai gani sai wanda aka ba izini. Injin manhajar a shirye muka same shi. Rabona shi ne shafin da mutum ke buɗewa a burauza. Na yi shi yadda kowa ke yi: sirrin yana fitowa ɗigo-ɗigo, ka danna maɓalli ya bayyana, ka sake dannawa ya rufe.

Ƙa'idarmu, kafin a miƙa aiki sai wanda zai riƙe shi ya gwada da kalmomin bogi, mu kuma muna ganin tsawon lokacin da kowane sirri ya zauna a buɗe. Mai riƙewar ita ce Madam Ladi, 'yar Keana, ma'aikaciyar kwamfuta ta ƙungiyar.

"Duba nan," in ji Oga. "Wannan mata yana buɗe sirri ya bar shi kamar ƙofar shago. Zan faɗa wa ciyaman ɗinsu ya ba wani."

In aka karɓe makullan ma'ajiyar daga hannunta, aikinta ya tafi ke nan, domin saboda su aka ɗauke ta. Ni dai abin ya tsaya mini a rai. Yawancin lokuta tana rufewa nan take, fiye ma da ni. Sai jefi-jefi ta bar shi ya daɗe. Mai sakaci ai kullum yake sakaci. Me ke faruwa a waɗancan lokutan? Na roƙi Oga ya dakata in je in gani da idona. Ya ce, "Abeg, je ka dawo da sauri."

Washegari na zauna a lungun ofishinta kamar mai jiran bashi, ina kallo. Wallahi aikinta tsaf. Ta buɗe, ta kwafa, ta rufe. Har na fara tunanin na ɓata hantsina a banza. Can sai ga Baba Ciyaman, dattijo daga Kwandere, ya turo ƙofa da sallama, daidai lokacin da ta buɗe wani sirri. Ta saki linzamin kwamfutar, ta miƙe, ta rusuna. Aka shiga gaisuwa: ya gida, ya yara, ya ƙafar tsohuwa, an samu ruwa a wajenku? Baba ya zagayo bayan tebur, ya dafa kujerarta, yana kallon allon yadda ake kallon talabijin a gidan maƙwabci. Sirrin na nan ɓaro-ɓaro. Na ga hannunta ya nufi linzamin, ya tsaya, ya koma.

Da ya fita na ce, "Madam, kin san a buɗe yake?"

"Na sani mana, Injiniya."

"To me ya hana ki rufewa?"

Ta kalle ni kamar ba a garin nan aka haife ni ba. "Babba yana tsaye a kaina in kai hannu in rufe? Na ce masa ɓarawo ke nan. Shi ya ɗauke ni aikin nan fa. Kai za ka iya yi wa babanka haka?"

Ni ma na san ba zan iya ba. Kunya ta kama ni, amma gaskiya daɗi ya fi yawa, irin daɗin da mutum ke ji in ya gano inda rufi ke yoyo. A hanyar komawa ina kan acaɓa ina ta juya abin da na gani: in babba ya shigo, abu na farko da take yi shi ne sakin linzami.

Na sauya shafin. Yanzu sirri ba ya bayyana sai kana danne da maɓallin, kana ɗaga yatsa ya koma ɗigo. Na ƙara wani maɓalli na kwafa ba tare da an gani ba. Oga Terver ya gwada, ya taɓe baki, ya yarda a sake gwaji kafin ya yi magana da kowa.

Na koma na zauna a lunguna. Baba ya shigo, Madam ta miƙe, allon ya rufe kansa. Ya zagayo kamar kullum, ya ƙura ido, ya gyara tabarau.

"Ladi, yau kuma me ya samu abin naki? Ina shigowa ya ɓoye."

"Baba, haka suka yi shi. Ni ma in na sake shi ɓoye mini yake yi."

Ya juyo gare ni yana dariya. "Kai ne ka ƙera abu marar kunya haka?"

Na ce ni ne, ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Ya ce Allah ya shirye mu, ya ci gaba da tambayarta labarin gida. Ba a karɓi makullan daga hannunta ba, kuma har yau ita ke riƙe da su.

Shi ya sa nake damun ku da ku tashi daga kujera ku je ku zauna inda za a yi amfani da abin da kuka gina. Mutanenmu sun san sirri sarai, amma ba za su ci fuskar babba don su kare shi ba, kuma bai kamata mu nemi haka daga gare su ba. In har tsaro na buƙatar a yi rashin kunya, to ku gina abin da zai yi ta a madadinsu, a zagi injiniya, ma'aikaciya ta tsira da aikinta.