Kabarin da Ban Nema wa Ishaya Ba

Shekara huɗu ke nan da korona ta ɗauke Ishaya, abokina ɗan Malumfashi, maƙwabcina a unguwar Taman Melati, a nan ƙasar waje da muke zaune. Ni Musulmi, shi Kirista, amma tukunyarmu ɗaya, don ko shayi bai iya haɗawa ba.

Digiri na uku yake yi a kan wani Fafaroma na farko-farko, wanda a zamaninsa sarkin Rum ya gaji da farautar Kiristoci ya sakar musu mara. Duk zaman da muka yi a mamak, wato gidan abincin bakin titi, sai ya jawo zancen.

"Malam Sani, ka san har maƙabartunsu aka mayar musu? Mutanen da ba a ba su wurin binne gawarsu ba, ba a karɓe su ba tukuna."

Ni kuwa in ce, "Makan lah, ci abincinka, Fada, shinkafarka ta huce."

Ranar da ya cika gari a kulle yake, ni ma ina killace da iyalina. Wata ma'aikaciyar asibiti ta kira ni, don lambata ya bayar, ta tambayi yadda za a yi da gawar. Na ce a yi masa yadda ake yi wa Kirista. A raina akwati ne da kabari, to me kuma ake yi da mutum? Ban san Kiristocin ƙasar nan da yawa ƙonawa suke yi ba, ban kuma tambaya ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Da na fito daga killacewa, ɗan tulun tokarsa aka miƙo mini.

Yanzu an yar da takunkumi, jirgin ƙasa na LRT ya koma cika maƙil, kamar ba a yi ba. Da Ishaya zai leƙo, na san tsiya zai yi mini, ya ce sarkin Rum ma ya fi ni tausayi. Ni dai har yau ban yafe wa kaina ba.

Abin da ya rage nasa babi uku ne da bai ƙarasa ba, sai tulun nan a saman durowata, sai mahaifiyarsa. Duk shekara takan kira: "Ɗana, ka share masa ciyawa?" Bana ma na dubi durowar na ce, "Na share, Mama."

Ita ba ta karanta jarida, amma ƙannensa suna karantawa. Shi ya sa na rubuta. Ku haƙa masa kusa da mahaifinsa, zan kawo shi.