Ranar da Baba Ya Ce In Zaɓi Hanya

Ranar Asabar ce, mako guda bayan mun gama zuba damman hatsi a rumbu, shekarar da nake ajin ƙarshe a lakol, makarantar bokon ƙauyenmu da ke ƙasar Gidan Sori. Da hantsi ina tsakar gida ina surfe, dusa ta yi mini fari har a gira, jar akuyarmu tana kewaya turmin tana jiran abin da zai zube, sai na ji Baba yana turo babur ɗinsa daga zaure. Ya goge shi da tsumma har tankin yana ɗaukar ido. Ya tsaya a bakin danga ya ce, "Barira, aje taɓaryar nan ki ɗauko gyalenki. Yawo za mu, kuma ke za ki zaɓi inda za mu tahi." Na tsaya riƙe da taɓarya a sama. Na dubi Inna da ke tankaɗe a gindin dogon yaro, ita kuwa ta sunkuyar da kai kamar ta tsinci tsakuwa a cikin garin. Wannan sunkuyon shi ya fara ɗaga mini hankali.

A gidanmu ba a hawa babur a banza. Da shi Baba yake bin kasuwannin ƙauye yana sayen wake da aya, ya ɗaure buhu biyu a baya, kuma esansi, wato man fetur, rabin kwalba yake zubawa, ya girgiza tankin a kusa da kunnensa kafin ya yarda ya isa. Mu yara iyakarmu mu taɓa madubin in ba ya nan, ko mu bi sawun tayar a cikin yashi muna kwaikwayon ƙararsa da baki. Duk yaron da aka ɗora a kansa kuwa, da magana a ƙasa. Yayana Sani an ce masa za a je kallon raƙuma, ya tsinci kansa a gaban wanzami. Ni kaina an taɓa ce mini alewa za a saya mini a Gidan Sori, na dawo da kumburarren hannu saboda allurar likita. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Hajo, ɗiyar Baffana, abokiyar gaɗata, wadda muke zama benci guda. Gaisuwa aka ce za a kai ta Cadakori wurin wata kakarsu, aka baro ta can riƙo, kuma ba ta sake taka farfajiyar lakol ba. Allonta ya yi wata biyu a rataye jikin zanar ajinmu kafin mushe, malaminmu, ya ba wani yaro. Inna takan ce, "Banza ba ta kai zomo kasuwa," kuma ni na riƙe maganar fiye da yadda ta yi zato.

Sannan ga zuwan Gwaggo Hurera. Ƙanwar Baba ce, tana aure a Gidan Rumji, tana tuyar ƙosai a bakin tasha, kuma ba ta da ɗiya mace da za ta kama mata aiki. Kwana goma kafin wannan Asabar ta zo ba salla ba, ba suna ba. Suka shige zaure ita da Baba suna magana ƙasa-ƙasa, da na kawo musu ruwa sai suka yi tsit har na fita. Na laɓe bayan rumbu kamar mai neman ƙwan zabi, na tsinci ƴan kalmomi: "tun da wuri", "kada a bari ya yi nisa", da kuma "ni zan tsaya a kai". Ban buƙaci ƙari ba. Na haɗa lissafina na gama: za a cire ni daga lakol kafin jarrabawar sertifika ta gama firamare, a miƙa wa Gwaggo in riƙa markaɗen wake. Ni da na fi kowa a dikte, wato shifta, ni da na ɗauko karan hatsi a kaina har sawu shida muka gina rumfar ajin da hannunmu.

Don haka da na shiga ɗaki ɗauko gyale, bincike na shiga yi. Na buɗe kwallar tufafinmu na ƙirga zannuwana, suna nan su uku, ba a ɗauki ko ɗaya ba. Na leƙa ƙarƙashin gadon Inna ko an ɓoye ƙunshi, babu. Na zaro kayen lissafina, littafin da nake rubutu a ciki, na cusa a cikin riga na ɗaure da zane, don in ma an baro ni, kada a baro ni hannu wofi. Na ja ƙanwata Nana gefe na ce in magariba ta yi ban dawo ba, ta ruga gidan mushe ta gaya masa. Da na fito na yi kamar gyalena ya saƙale a jikin babur, na laluba buhun da ke ɗaure a baya, na ji gorar ruwa ce kawai da tabarma. Amma da Baba ya buɗe tankin yana dubawa, na hango man ya cika har wuya. Mutumin rabin kwalba ba ya cika tanki sai tafiya mai nisa.

Ya sake tambayata ina za mu. Na tsaya ina auna hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Gidan Rumji akwai Gwaggo. Cadakori ta cinye Hajo. Gidan Sori akwai likita, kuma akwai wata ƴar'uwar Inna da ban yarda da ita ba. Duk garin da na tuna sai in ga da dangi a ciki, kuma duk inda dangi suke akwai ɗakin da za a iya ajiye yarinya. Can na ce, "Bakin gulbi, Baba. Inda babu gidan kowa." Ya yi ƴar dariya ya ce, "To, gulbin za mu." Saurin yardar nan ma bai yi mini daɗi ba. Da ya yi gardama da na fi samun natsuwa.

Muka fita ta bayan masallaci, muka bi hanyar amalanke da ta ratsa gonaki. An gama girbi, kara ya kwanta, shanun Fulani sun shigo suna kiwo a cikin gonakin, gawo ya fara fitar da sabon ganye. Baba yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tulu, abin da ban san shi da shi ba, kuma bakinsa bai huta da tambaya ba. Mene ne wancan a gaba, jaki ne ko kututture? Waccan gonar wa ce? Mutanen can su nawa ne? Na ɗauka dabara ce ta ɗauke mini hankali, irin yadda ake yi wa yaro hira kafin a tsira masa allura, don haka nake amsawa a gajarce, idona yana kan hanya. Na gwada shi har sau biyu. Na ce mu bi ta rijiyar makiyaya, ya bi. Da muka kusa na ce na fasa, mu koma ta gindin kanya, ya juya ba gardama. Ban taɓa ganin babba yana bin maganar yaro haka ba, sai zargina ya ƙara kauri.

Akwai wata mararraba da kowa ya sani da tsohuwar kuka mai rassa biyu. Hannun hagu ya gangara gulbi, hannun dama ya miƙe zuwa Gidan Rumji. Tun daga nesa na sassauta riƙon da na yi wa rigarsa, na gyara zaman ƙafata. Muka iso kukar, Baba bai ko rage gudu ba, ya bi dama. Ban yi shawara da kowa ba, na diro. Na faɗi a kan yashi, gwiwata ta daki wani kututturen kara ta fashe, na tashi na ruga cikin gona. Na ji babur ɗin ya yi tangal-tangal ya faɗi, injin ya mutu.

Gonar fili ce, babu wurin ɓuya. Na yi gudu kaɗan na gaji, na tsaya cak a tsakiyar kunyar gonar, jini yana bin ƙaurina, ina jiran ya zo ya kama ni. Tsakanina da shi bai fi tsawon igiyar guga biyu ba, ga jan gyale a kaina, ga rana tsaka. Baba ya miƙe yana kiran sunana. Ya juyo ya dubi daidai inda nake, idonsa ya wuce ta kaina kamar babu kowa. Sai ya nufi wani kalgo da ke can gefe, hannunsa a miƙe, yana cewa, "Barira, ɗiyata, kin ji ciwo? Yi magana in ji ki." Ya isa gaban kalgon, ya taɓa ganyen, ya tsaya. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na manta da gwiwar, na ce, "Ga ni nan, Baba." Muryar ya biyo har ya same ni.

A inuwar kukar ya wanke mini ciwon da ruwan gora, ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure. Na gaya masa duk abin da na zarga, har da kayen da ke cikin rigata, ina kuka ina haɗa Hajo da ƙosan Gwaggo. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce idanunsa ne ke tafiya, tun damina hazo yake gani, yanzu abin da ya wuce ƴan taku sai dai inuwa. Kukar ma bai gan ta ba. Gwaggo likitan ido take nema masa a Maraɗi, babur kuwa jibi Baffa zai zo ya tafi da shi. Ya ce shekara da shekaru yana bin hanyoyin nan da buhu a baya, bai taɓa tsayawa ya kalli komai ba, shi ne ya so ya fita sau ɗaya ba don kasuwa ba. Na tambaye shi don me bai ɗauki Sani ba. Ya ce, "Sani ko rijiya na nufa, 'to, Baba' kawai zai ce. Ke kuwa ba ki yarda da kowa ba, kuma bakinki ba ya shiru. Irinki makaho ke so a baya." Ya roƙe ni kada in gaya wa ƙannena tukuna.

Muka tayar da babur, madubi ɗaya ya karye. Daga nan na zama idonsa. Ina leƙowa ta kafaɗarsa ina faɗa masa rami a hagu, akuya a gaba, yashi mai zurfi, amalanke tana zuwa, shi kuwa yana bi. Muka gangara gulbi. Ruwa ya janye sai ƴan tafkuna, masu lambu suna ta dashen tumatir, mata suna wanki sun shanya zannuwa a kan sabara. Ya shimfiɗa tabarma a gindin wata tsamiya, ya ce in riƙa faɗa masa abin da ke tsallake. Na faɗa masa balbelu da ke bin shanu, da yaran da ke kamun tarwaɗa a cikin taɓo, da wani tsoho mai jan ruwa. Ya tsinko ganyen tsamiya ya kawo dab da idonsa ya daɗe yana dubawa. Wani mai lambu da ya san shi ya kawo mana rake, muka sha har la'asar. Muna shiga gari na hango Nana a tsaye a ƙofar gidan mushe, ta kasa jiran magariba.

An yi masa aiki a Maraɗi bayan ƙaramar salla. Ido ɗaya ya ɗan dawo, har yana gane fuska in an matso, ɗayan kuwa ya tafi ke nan. Bai sake hawa babur da kansa ba har Allah ya karɓi abinsa. Na ci sertifika a shekarar, kuma a ɗakin Gwaggo Hurera na zauna na yi kolej, matar da ko sau ɗaya ba ta bari na taɓa markaɗe ranar karatu ba.

Yau ni ma ina koyarwa a Gidan Rumji, ina da ƙaramin babur nawa da nake zuwa lakol da shi. Babura sun cika gari, ƴan kabu-kabu sun fi jakuna yawa, amma ban san wanda ke cika tanki don ya je kallon gulbi ba. Hanyoyin da muka bi ranar nan, wasu ba a bin su in rana ta karkata saboda ƴan bindiga, kuma a ƙauyukanmu in aka ji ƙarar babur da ba a sani ba, hira takan tsaya, uwaye su fara ƙirga yaransu. Zargin da na yi na yarinta ne, kafin la'asar ya warke. Na yanzu ya zauna mana a gari, babu mai zaunar da mu a inuwa ya warware mana shi. Wani lokaci in na wuce masu rake a bakin tasha nakan rage gudu ba tare da na sayi komai ba. Yini guda kacal na samu da mahaifina a kan hanya, rabinsa kuma na ɓatar wajen tsaron kaina daga gare shi.