Sanƙarau Ya Tafi da Kunnen Ɗan Farina

'Yan uwa mata, shekaru da yawa ina riƙe da maganar nan a ciki. Da girmana na koyi rubutu, ku yi haƙuri da hannuna.

Zamanin Faransi ne, kumandan yana nan Dakoro. An ɗauki ɗan farina, Isufu, an sa shi lakwal, makarantar boko. Kun san kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na dubansa ido cikin ido. A ɗakin surukata, Inna Tabawa, yake kwana, ita ke jin damuwarsa.

Da bazara zazzaɓi ya kama shi, ga amai, wuya ya sandare. A runfar zana bayan gidan likita aka kwantar da masu sanƙarau. Aka soka masa allura a gadon baya, aka jawo ruwa mai duhu. Ƙwayoyi safe da yamma, kwana tara. Kullum sai an fitar da wani cikin tabarma, ni kuwa ina bakin runfa, kunya ta hana ni zama kusa da kansa.

Ya tashi, muka yi sadaka, ya koma lakwal.

Sai ya fara dawowa da shatar bulala. Malaminsu, wanda ake ce wa Mushe, ya aiko cewa yaro ya kangare: a kira shi ya yi banza, in ana magana ya ƙura wa babba ido. In bai gyaru ba, kora.

Inna ta ce, "Ke Hadiza, tun yaushe rabonki da yi masa magana?"

Ta ce ita ta lura in ta kira shi ta baya, ba ya waiwayowa.

Muka koma gidan likita. Likita ya tsaya bayansa ya buga tasa. Ko gezau. Ya ce, "Kunnen dama ya mutu, na hagu saura kaɗan. Bakinku yake karantawa."

Wata biyu ɗana bai ji, ni uwarsa ban sani ba.

Washegari na ɗauki mayafi na tafi lakwal. Na durƙusa na ce, "Mushe, ba rashin kunya ba ne. Kunnensa ne ya mutu; don Allah a zaunar da shi gaban aji, in za ka yi magana ka juyo."

Ya ce, "Ya kamata a faɗa mini tun farko. Mu gwada zuwa damina."

A gida na zaunar da shi gabana, na kama haɓarsa, na ce "Isufu" a hankali. Maƙwabta suka yi ta salati. Duk abin da na kasa fahimtar da shi sai ya miƙo mini allo in rubuta, ni kuwa ban iya ba. Dalilin da na shiga karatu ke nan.

Damina ta wuce, ba a kore shi ba. Amma har yau in yana tafe kan hanya, mota ta taho ta bayansa, gabana faɗuwa yake.

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Inna, ya saka wa likita da Mushe.

In yaro ya tashi daga sanƙarau, ki tsaya bayansa ki kira shi da ƙarfi, ko da ɗan fari ne. In bai waiwayo ba, ki riga bulala zuwa wurin malaminsa.