VI Ɗin Da Na Karanto Daga Dama

Ko zan manta komai na sakandare, ba zan manta ranar da na kusa ƙona ɗakin gwaje-gwaje da birona ba. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in aka ƙyasta ashana kusa da ni sai gabana ya faɗi.

Ni 'yar Yakasai ce, kuma a gidanmu allo ake fara riƙewa kafin fensir, don haka idona ya saba shiga rubutu ta dama. Muna aji biyar malamar kimiyya ta ba ni makullin ɗakin, abin da na daɗe ina kwaɗayi, ta ce in sabunta takardun jikin kwalabe, sunan kowace da fomularta. Da ma ta koya mana cewa lambar Rumawa da ke cikin suna ita ke nuna oxygen nawa chromium zai ɗauka: huɗu na son biyu, CrO₂, shida na son uku, CrO₃. Na farkon shi ake shafa wa zaren kaset. Na biyun kuwa, sifirit ya taɓa shi sai wuta.

Na ɗauki kwalbar chromium(VI) oxide. Idona ya bi hanyar da ya saba, ya ga I kafin V. Na ɓare tsohuwar takardar, na rubuta chromium(IV) oxide, CrO₂, har da ja masa layi.

Washegari muna darasi a ɗakin, aminiyata, sarkin son waƙa, ta ce sai ta ga abin da ke riƙe muryar mawaƙa. Ta wanke faranti da sifirit, bai bushe ba ta zuba garin kwalbar da na sauya wa takarda. Fuu! Bakin hijabinta ya kama. Tana tsalle, ni na sandare ina salati, har malama ta danne wutar da tawul.

Malama ta ɗaga kwalbar, ta dubi jan garin.

"Na kaset baƙi ne. Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Malama. Daga dama na karanto."

"Ke! Rumawa sun yi makarantar allo ne?"

Aji na dariya, ni ina kuka. Ta karɓe makullinta, hijabina na Sallah ya koma hannun aminiyata, kuma har muka gama Daga-Dama ake kirana.

Tun ranar na gane kowane rubutu da ƙofar shigarsa. Yanzu ko takardar magani aka miƙo mini, sai na tsaya na tambayi idona ta ina ya shiga.