Takardar Zaman Inna Tambaya

Duk wanda aka haifa a unguwar su Inna Tambaya a Bungudu cikin shekara talatin ɗin nan, in ya ɗaga riga ya dubi cibiyarsa, to aikin hannunta yake kallo. Ungozoma ce, gajeriya, mai faɗa, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Ita ke yanke cibiya, ita ke wanke jariri, ita ke haƙa ɗan rami a bayan ɗaki ta binne mabiyiya. Ko yanzu da mata ke haihuwa a asibiti, a leda ake kawo mata mabiyiyar, don ba mai yarda wani hannu ya binne. Kuma ba ta mantuwa. Sai ta tare ƙaton magidanci a hanya ta ce, "Kai, rage taƙamar nan, na san inda taka take, gindin zogalen gidanku!"

Ita kuwa tata tana can wani ƙauye kusa da Madarunfa, a Nijar. Tana 'yar shekara tara uwarta ta riƙo hannunta suka gangaro, shekarar farin nan da ya ƙarar da dabbobi. Wa ya tambaye su takarda? Ba kowa. Mai unguwa ya nuna musu ɗaki, mata suka kawo fura, shi ke nan. Uwar ta koya mata sana'a, ta rasu a nan. Malam Mu'azu mai gyaran keke ya aure ta, shi ma ya rasu a nan. 'Ya'yanta maza biyu suna kwance a maƙabarta ɗaya da su. Mansura kaɗai ta rage mata, tana auren Yakubu a Tsafe. Tun tuni Inna ta sayi likkafaninta, ta haɗa da turare da sabulu ta ajiye a ƙasan akwati. Burinta a duniya bai wuce ɗaya ba, in ta mutu a kai ta inda nata suke.

Sai ga Lantana mai daddawa, maƙwabciyarta, wadda labari ba ya kwana a bakinta. Ta faɗo gidan da hantsi ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Tambaya, kin ji ƙasarku ta fita?"

"Ƙasarmu wace? Ta fita ta tafi ina?"

"Nijar mana! Ta fita daga ECOWAS, ƙungiyar nan da ta haɗa ƙasashe. An ce yanzu duk ɗan can da ke nan sai ya biya an yi mai takardar zama. Wanda bai da ita, mota za a sa shi a kai iyaka."

Inna ta yi tsaki, ta ce Lantana ta je ta ji da daddawarta. Amma da ta koma kan tsintsiyarta, sai maganar ta ƙi barin ranta. Ita ba ta taɓa sanin tana cikin wata ECOWAS ba, balle ta ji fitarta. Abin da ta sani shi ne ba ta da ko ƙyallen takarda mai sunanta, kuma a ƙauyen can babu mahalukin da zai gane fuskarta. In ta mutu a can, wa zai wanke ta? Kusa da wa za a ajiye ta?

Ta sa aka kira mata Mansura a waya. Mansura ta yi dariya ta ce, "Haba Inna! Yakubu kullum kunnensa na kan rediyo. Ya ce an sanar kowa ya ci gaba da shiga da fita yadda aka saba, har zuwa wani lokaci."

"Wane lokaci?"

"To, ba su faɗa ba."

Ai kuwa da Mansura ta sani da ta haɗiye wannan ƙarshen maganar. Shi Inna ta ɗauka ta rataya a wuya.

Gaskiya dai ba wanda ya ce mata ci kanki. Ba a kori kowa ba, ba a buga ƙofar kowa ba. Amma tsoro ya riga ya shiga. In motar masu kaki ta wuce kan titi, sai ta faɗa zauren da ya fi kusa. Ta daina tare magidanta a hanya. Ranar wani suna, wata mai neman raha ta ɗaga murya ta ce, "Inna, ashe kun fita kun bar mu?" Mata suka kwashe da dariya. Ita ma ta yi yaƙe, amma naman da aka ware mata na ungozoma haka ta kai shi gida ta kasa ci.

Lantana ce dai ta sake kawo labarin wani a Gusau da ya san na ciki, yana yi wa mutane takardar. Inna na da tunkiya ɗaya tak, da ciki ma. Ta ja ta kasuwa ta sayar a wulaƙance, ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta hau mota.

Ta same shi gindin wata darbejiya kusa da shagon masu hoto, da ɗan tebur da jaka cike da takardu. Yana ɗago kai ya miƙe.

"Lale, Inna Tambaya! Ba ki gane ni ba? Tajuddeen ne, ɗan gidan Garba mahauci."

Ta gane shi sarai. Da ƙafa ya zo duniya, ranar wata Laraba da damina, sai da ta busa masa iska a hanci kafin ya yi kuka. Mabiyiyarsa tana bayan ɗakin kakarsa, kusa da turken awaki. Zuciyarta ta yi sanyi, ta ce a ranta Allah ya kawo ta hannun ɗa.

Ya ɗauki biro ya ce, "To Inna, ina aka binne cibiyarki?"

Ta daɗe tana kallonsa. Shekara hamsin a Bungudu ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya, sai yau, kuma sai wannan. Ta faɗa masa a hankali, kamar mai amsa laifi. Ya rubuta. Ta kwance bakin zane, ya ƙirga, ya mayar mata da kuɗin mota ya ce, "Don ke ce, Inna, na yi ragi." Ji ɗan albarka! Aka ɗauke ta hoto, ya ce ta dawo jibi. Da ta dawo ya miƙa mata wani kati da aka manne da roba, da hotonta a kusurwa, idanu a zare. Ya ce baɗi ta zo a sabunta. Murna ta hana ta tsayawa kan maganar.

Daga nan ba ta yi gida ba, Tsafe ta nufa, duk da yadda kowa ke shiga hanyar nan da addu'a a baki. So take Mansura ta karanta mata.

Mansura ta karanta, fuskarta ta canza. "Inna, mi kika yi? An rubuta ke baƙuwa ce daga Nijar, an ba ki izinin zama shekara ɗaya."

Yakubu, mijin Mansura, ya karɓa ya juya gaba da baya. Ya ce, cikin ladabi, shi bai ga sunan wani ofis na kirki a jiki ba, kuma hatimin ya yi kama da wanda ake sassaƙawa a bakin kasuwa. Mansura ta fashe da kuka. "An cuce ki, Inna! Ke da kika haife mu a nan, wa ya isa ya kore ki? Da kuɗinki kika je aka rubuta ki baƙuwa!"

Inna ta fizge katinta. In na jabu ne, to ba tunkiya, ba takarda, ba komai ke nan, kuma wannan ba za ta iya ɗauka ba. Ta ce, "Yaron da na busa wa rai a hanci ba ya cutata. Ke dai gaya mini, yaushe za ta ƙare?"

Mansura ta share ido ta duba. "Bayan Babbar Salla ta baɗi da kamar sati biyu."

Washegari da la'asar Inna ta iso gida. Ta jawo akwati, ta fito da likkafanin, ta buɗe ninki ɗaya ta sa katin a ciki. Sannan ta leƙa ta katanga ta kira Lantana.

"Zo ki gani da idonki. In ta Allah ta kasance, ke za ki wanke ni. Ga takardata nan. In wani ya ce ba za a sa ni kusa da Malam ba, ki nuna mai."

Lantana ta ce Allah ya sa da sauran nisa. Sai kuma bakin nan nata ya kasa haƙuri. "To in ta ƙare fa, Tambaya? Ba ki da wata tunkiyar."

Inna ta ninke likkafanin, ta shafa shi da tafin hannu har ya kwanta. Matar da kullum in ta idar da salla sai ta roƙi tsawon rai don ta ga auren jikokinta, ita ce ta rufe akwati ta ce, "Na yi wannan tunanin tun a mota. Ai tun jiya nake roƙon Allah kada ya sa in wuce wa'adin takardar nan."