Mai Waiwaye a Filin Harbi

A filin atisayen harbi na birnin Quetzaltenango, dattijon da ke layi na huɗu ya tsaya mini a rai. Kansa furfura ce fat, amma hannunsa ko rawa ba ya yi. Yana danna kunamar bindiga, harsashi na huda tsakiyar takardar da ake saitawa. Sai ya waiwaya hagu da dama a firgice, saitinsa ya wargaje, harbi na biyu ya kauce.

"Haba Don Eulalio," in ji matashiyar da ke horar da shi, "takarda ce fa, ba ta ramawa! Jibi gasa, ka daina waiwayen nan."

Ina jin tsohon soja ne. Ya sauke bindigar a hankali.

"'Yata, wanda bai waiwaya ba a cikinmu a fagen yaƙi, ni na kai wa uwarsa hularsa."